Tambaya da Amsa: Wane zaɓe ne tarihi ke riƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zango, nan Damagaram, kuma da yamma nakan zauna wata fada inda dattawa da samari ke haɗuwa ana dafa shayi. Kwanakin baya gardama ta kaure a tsakaninmu. Masu furfura sun ce zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ya fi kowane zaɓe nauyi a tarihin Nijar, samari kuwa suka dage a kan na 2021, domin a nan ne aka fara ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga wani zaɓaɓɓe. Ni kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da na yi wayo ban taɓa ganin zaɓen da gidajen rediyo ba su kira shi mai tarihi ba. Mene ne ke sa zaɓe ya shiga tarihi da gaske, kuma a cikin waɗannan biyun wanne ya fi? Daga wani malamin makaranta, Zango.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da ka ce ya ɗaure maka kai, domin shi ya fi saurin warwaruwa. Lokacin yaƙin neman zaɓe kalmar tarihi takan yi araha kamar tumatir a kasuwar Dole da sanyi, saboda ɗan takara yana bukatar ka bar sana'arka ka je ka bi layi cikin rana, mai gabatar da labarai kuma yana bukatar ka kasa kunne, su biyun kuwa babu abin da ya fi musu sauƙi irin su gaya maka cewa ranar nan ba a taɓa yin irinta ba. Ka ɗauki zaɓen watan Disamba na 1989. Tun 1970 rabon ƴan Nijar da jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, an yi sabon kundin tsarin mulki, an kafa Jamhuriya ta biyu, Janar Ali Saibu ya tsaya shi kaɗai a ƙarƙashin jam'iyyar MNSD ya samu sama da kashi 99 cikin 100. A takarda babu zaɓen da ya kai wannan kyau. Amma shekara biyu ba ta cika ba taron ƙasa na 1991 ya karɓe ikon da ke hannunsa ya bar masa suna kawai, kuma ina kyautata zaton ko a fadarku babu wanda ya ambaci wannan zaɓe a cikin gardamar.

Ke nan yawan ƙuri'a ba ma'auni ba ne. Abraham Lincoln bai kai kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un jama'a ba a zaɓen Amurka na 1860, amma tun kafin a rantsar da shi jihohi 7 na kudu masu riƙe da bayi suka ɓalle daga tarayya, aka shiga yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, aka fito daga cikinsa da haramta bauta a kundin tsarin mulkin ƙasar.

Abin da ni nake dubawa shi ne ƙa'idar hawa kujerar mulki da sauka daga kanta. Shin bayan zaɓen an ci gaba da tafiya yadda aka saba, ko kuwa wani abu ya faru wanda daga ranar ba za a iya yi kamar bai faru ba? Wannan ba a ganinsa ranar jefa ƙuri'a, kuma ba a fuskar wanda ya ci ake karanta shi ba, domin kowa ya iya murna. A wurin wanda ya sha kaye ake neman amsar, da kuma wurin masu riƙe da bindiga, cikin makonni da shekarun da suka biyo baya.

Maƙwabciyarmu Benin ce ta fara nuna wa wannan yanki haka. Mathieu Kérékou soja ne da ya hau ta juyin mulki a 1972, ya riƙe ƙasar da jam'iyya ɗaya, har taron ƙasa na watan Fabrairun 1990 ya tilasta a buɗe fage. A watan Maris na 1991 Nicéphore Soglo ya kayar da shi a zagaye na biyu, kuma mutumin da ya shekara goma sha takwas yana juya bariki ya tattara nasa ya nasa ya sauka. Yau ƴan kaɗan ne za su iya gaya maka alkawuran da Soglo ya yi wa talakawa a wancan lokaci. Saukar Kérékou ake tunawa, kuma ita ce ta sa da ya dawo ya ci zaɓe a 1996, Soglo ma bai samu bakin ƙin sauka ba.

Zaɓen Najeriya na 2015 kuwa da yawanmu a nan mun bi shi kamar namu, tun da Daura, garin Muhammadu Buhari, ba ta da nisa da iyakarmu. An shiga zaɓen cikin fargaba, domin tarzomar da ta biyo bayan na 2011 ta ci rayukan ɗaruruwan mutane a arewa. Abin da ya yayyafa wa wutar ruwa shi ne wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Buhari ranar 31 ga Maris, tun hukumar zaɓe ta Farfesa Attahiru Jega ba ta kammala shelar sakamako ba, ya zama shugaba mai ci na farko a ƙasar da ya faɗi zaɓe ya kuma rungumi ƙaddara. Mutane na da bambancin ra'ayi a kan yadda mulkin Buhari ya kasance, amma wannan saɓani bai taɓa darajar wancan zaɓe ba. A Gambiya an ga ɗaya fuskar lamarin, inda Yahya Jammeh ya amince da kayen da Adama Barrow ya yi masa a watan Disamba na 2016, bayan mako ɗaya ya lashe amansa, sai da sojojin ƙasashen yammacin Afirka suka tsallaka iyaka kafin ya hau jirgi ya bar ƙasar a watan Janairu na 2017.

Akwai ma zaɓen da ya shiga tarihi alhali wanda ya ci bai zauna kujerar ko da yini ɗaya ba. Ranar 12 ga Yuni na 1993, wata biyu da rabi bayan namu, Moshood Abiola ya kara da Bashir Tofa a Najeriya, ya doke shi har a jihar Kano, mahaifar Tofa, kuma duk da shi da mataimakinsa Baba Gana Kingibe Musulmi ne, Kiristoci da dama sun ba su ƙuri'a. Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen ranar 23 ga watan, matsin lamba ya sa shi kansa ya sauka a watan Agusta, Abiola ya rasu a tsare a watan Yuli na 1998, kuma da aka zo zaɓen 1999 ƴan takarar biyu duka Yarbawa ne, domin ƙasar na neman hanyar lallashin yankin da aka zalunta. Tun daga 2019 ranar 12 ga Yuni ce ranar dimokuraɗiyya a can. Da an bar sakamakon ya tsaya, ta yiwu da ba a riƙe ranar haka ba.

Yanzu mu dawo gida, Malam, mu ɗora zaɓukan nan biyu a kan wannan ma'auni. Zaɓen 1993 bai faɗo daga sama ba. Kafinsa an yi 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai, aka yi yaje-yajen aikin ƴan ƙwadago, aka yi taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, ɗan garin nan, sannan aka amince da kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta uku a watan Disamba na 1992. Ranar 27 ga Fabrairun 1993 ɗan Nijar ya shiga rumfar zaɓe ya tarar da ƴan takara 8 a gabansa, shi da bai taɓa ganin fiye da ɗaya ba tun samun ƴancin kai a 1960. Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ya zo na farko da kimanin kashi 34, Mahaman Usman na CDS-Rahama ya bi shi da kusan kashi 27, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya da Adamu Mumuni Jarmakoy na ANDP-Zaman Lahiya kowannensu ya samu sama da kashi 15. A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris, jam'iyyun ƙawancen masu neman canji, wato AFC, suka haɗa kai a bayan Mahaman Usman, ya ci da kashi 54 da ɗoriya. Dattawan fadarku za su tuna cewa kalma ɗaya ce a bakin kowa a lokacin, wato canji.

Ka lura da abin da ya faru a nan. Jam'iyyar da gwamnati ta haifa, wadda ke da ofisoshi da tsofaffin ministoci da mutane a kowace gunduma, ta faɗi zaɓe kuma ta koma adawa. Tanja, wanda tsohon hafsan soja ne, bai je bariki neman taimako ba. Ali Saibu ya miƙa mulki ranar 16 ga Afrilu ya koma gida. Duk wannan ya faru ne alhali waɗanda suka fita jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin kashi ɗaya bisa uku na masu rajista ba, wanda ke ƙara nuna maka cewa cikar rumfuna ba ita ke sa tarihi ya waiwayi zaɓe ba. Haka kuma zaɓen ya zana taswirar siyasar da muka yi shekara talatin muna tafiya a kai. Mutum ukun da suka zo kan gaba a zagayen farko duka sun yi shugabancin ƙasa, Usman a 1993, Tanja a 1999, Isufu a 2011. Darasin da ƴan siyasa suka ɗauka daga faɗuwar Tanja, cewa a Nijar zuwa na ɗaya a zagayen farko ba ya isa sai da ƙawance, shi ya yi ta maimaituwa: a 1999 Mahaman Usman ya mara wa Tanja baya ya zama shugaban Majalisar Dokoki, a 2011 Hama Amadu ya mara wa Isufu baya ya hau wannan kujerar.

Samarin fadarku za su ce, ai gwamnatin ba ta je ko'ina ba, kuma gaskiyarsu ne. Isufu ya ajiye muƙamin Firaminista a watan Satumba na 1994, ƙawancen ya watse, aka rusa majalisa, zaɓen Janairun 1995 ya bai wa ƴan adawa rinjaye, shugaban ƙasa da Firaminista Hama Amadu suka shiga zaman doya da manja har ta kai ana gardama a kan wanda ke da ikon kiran taron ministoci, ma'aikata kuma na bin bashin albashi na watanni. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su baki ɗaya. Amma dubi abin da ya biyo baya. Ba'are bai iya komawa ga tsarin ɗan takara ɗaya ba, dole ya shirya zaɓe cikin wata shida ya tsaya da abokan hamayya, kuma da ya ga ƙidaya ba ta tafiya yadda yake so a watan Yuli na 1996, sai ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar aiki ya naɗa wata, aka ce ya ci da kimanin kashi 52. Wannan ma zaɓe ne mai tarihi, irin baƙin tarihin, domin daga ranar mulkinsa bai ƙara samun natsuwa ba har aka kashe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Dauda Malam Wanke, sojan da ya hau bayansa, ya miƙa mulki kafin ƙarshen wannan shekara, Salu Jibo da ya tumɓuke Tanja a watan Fabrairun 2010 shi ma ya miƙa a watan Afrilun 2011. Juyin mulki uku a jere, kowanne ya ƙare da rumfar zaɓe mai ƴan takara da yawa. A ganina gadon 1993 ke nan.

Na 2021 kuma ba abin rainawa ba ne, kuma ina ganin dattawa na yi masa rashin adalci idan suka yi watsi da shi. Ƙasar da ta ga tazarce a 2009, lokacin da Tanja ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki don ya ƙara wa kansa shekara uku, ita ce ta ga Isufu ya cika wa'adinsa biyu ya sauka ba tare da ya taɓa iyakar wa'adin da kundin ya tsara ba, a daidai lokacin da takwarorinsa na Gini da Kodebuwa suka zarce zuwa wa'adi na uku. Bazum Mohamed ya ci zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu da kusan kashi 56, aka rantsar da shi ranar 2 ga Afrilu. Sai dai idan ka kai dubanka inda na ce a duba, sai ka ga tabo. Mulkin bai fita daga hannun jam'iyya mai ci ba, daga shugabanta na da ya koma ga wani jigonta. Kotu ta hana Hama Amadu tsayawa tun kafin a fara. Mahaman Usman, wanda a wannan karon ya tsaya a RDR-Canji, bai amince da sakamakon ba, an yi tarzoma a Yamai, an katse intanet na kwanaki, kuma saura kwana biyu rantsuwa aka yi yunƙurin juyin mulki. Ranar 26 ga Yuli na 2023 dakarun fadar shugaban ƙasa suka kawo ƙarshen gwamnatin. Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba, kuma miƙa mulki sau ɗaya bai zama al'ada ba sai an maimaita shi, ya fi kyau ma a ce tsakanin abokan hamayya.

Tun da ka nemi in raba gardama, zan raba. Dattawa sun fi kusa da gaskiya, amma ina jin tsoron dalilin wasunsu ba nawa ba ne. Mu nan Damagaram, garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 kafin Turawa su mayar da shi Yamai, muna da saurin auna zaɓe da tambayar ɗan ina ne ya ci, kuma na san akwai waɗanda 1993 ke yi musu daɗi don kawai ɗan gari ne ya hau. Wannan dalili ba ya kai mutum ko'ina, domin a 2021 ma duka mutum biyun da suka kai zagaye na biyu suna da tushe a jihar nan, ɗaya haifaffen Damagaram, ɗaya ya tashi a yankin Tesker. Na fifita 1993 ne saboda a nan ne kaɗai jam'iyyar da ta gaji gwamnati ta faɗi a akwati ta kuma haƙura, kuma saboda mun samu shekara talatin muna ganin abin da ya haifar. Na 2021 lissafinsa bai rufe ba tukuna. A watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyun siyasa an kuma tsai da wa'adin shekara 5 ga hukumomin yanzu, don haka ranar da aka koma rumfar zaɓe, yadda za a koma da yadda wanda ya faɗi zai yi su ne za su sake auna zaɓukan biyu, har da wanda na fifita.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'ar Damagaram. A darasinmu an kawo zaɓen Ellen Johnson Sirleaf da na Barack Obama a matsayin masu tarihi saboda kowannensu shi ne na farko a irinsa. Zama na farko kaɗai ya isa? Daga wata ɗaliba, Birni.

Amsa: Barka kadai, ƴata. Na haɗa tambayarki da ta Malam ne domin ƙanwarta ce. Zama na farko yana da nauyi idan a da akwai wata katanga da ta hana, ko ta doka ko ta al'ada. Baƙaƙen fata a kudancin Amurka ba su samu damar jefa ƙuri'a da gaske ba sai bayan dokar ƴancin jefa ƙuri'a ta 1965, saboda haka cin zaɓen Obama a 2008 ya zo ne a idon mutanen da su kansu aka taɓa kora daga ofishin rajista, kuma wannan ya isa ya sa a riƙe ranar ko da mulkinsa bai gamsar da kowa ba.

Na Sirleaf ya fi ba ni sha'awa, domin nauyinsa biyu ne. Ta doke George Weah a zagaye na biyu na zaɓen Laberiya a 2005 ta zama mace ta farko da jama'a suka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, a ƙasar da ta fito daga yaƙin da ya ɗauki mafi yawan shekarun 1989 zuwa 2003. Ta yi wa'adi biyu ta miƙa wa Weah ɗin a watan Janairun 2018, abin da rabon Laberiya da ganin irinsa tun 1944, shi kuma Weah da Joseph Boakai ya kayar da shi da ƙyar a 2023 ya amince tun kafin a gama shela. Ta wannan fuska zaɓenta ya yi ƴaƴa da sauri. Ta fuskar mata kuwa an daɗe ana jira, domin Joyce Banda a Malawi a 2012 da Samia Suluhu Hassan a Tanzaniya a 2021 rasuwar shugaba ce ta ɗora su, sai a ƙarshen 2024 Namibiya ta zaɓi Netumbo Nandi-Ndaitwah da ƙuri'ar jama'a kai tsaye.

Idan za ki kawo misali daga gida a darasin naku, ki fara da 13 ga Mayun 1991, ranar da mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, har aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Daga nan ki zo kan dokar da ta ware wa mata kaso a muƙamai a shekarar 2000, sannan zaɓen 2011, inda Mariama Bayard Gamatié ta zama mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa a Nijar, ta samu ƙasa da kashi 1 cikin 100.